Burodin Jiya da Tuffar Maƙwabciya

A nan Nottingham, da zarar watan Oktoba ya kama, in kana tafiya cikin unguwa za ka riƙa ganin kwalaye a bakin ƙofofin gidaje cike da tuffa, an rubuta a jiki wai duk mai so ya ɗiba kyauta. Bishiyar bayan gida ce ta yi 'ya'ya fiye da cin masu gidan. Shekarata ta farko ko kallon kwalayen ban yi ba, don a ganina abin kunya ne a ga matar aure ta sunkuya tana ɗibar abu a bakin titi. Ranar da na yi ta maza na ɗauki ɗaya, wata koriya ƙatuwa da ta cika min tafin hannu, ina gatsawa sai da idona ya kawo ruwa don tsami. Na ce lallai kam, shi ya sa suke bayarwa kyauta.

Maƙwabciyata ce ta fitar da ni daga duhu. Tsohuwa ce Baturiya, ta haura tamanin, ita kaɗai take zaune. Wata rana da yamma ta gan ni da rabin burodi a leda zan jefa a kwandon shara. Ta tambaye ni ko ya yi fumfuna. Na ce a'a, ya dai kwana uku ne, yara sun ƙi ci. Ta miƙo hannu ta ce, "Ba ni shi, 'yata. Gobe in sun taso daga makaranta ki turo min su."

Washegari tare muka je. Ta fito da wani kwano daga obin, ta kifa shi a kan faranti, sai ga wani abu ya fito kamar malmalar tuwo, jawur, yana ƙamshin bota. Bayansa burodina ne na jiya, ya gasu yana ƙaras-ƙaras. Cikinsa kuma tuffar nan ce mai tsami, ta narke ta yi laushi. Yaran da suka ce min burodin ya tsufa, su ne har da sakin cokali suna bin farantin da yatsa. Sunan abin a wajensu Apple Charlotte. Ni dai shalot nake ce masa, kuma haka zan kira shi a nan.

Abin ya tsaya min a rai. A gidan da na tashi a Zariya ba a zubar da ko loma ɗaya. Tuwon dare shi ne ɗumamen safe, ƙanzon tukunya a shanya shi a tara, ranar da aka ga dama a jiƙa a kwaɗa da ƙuli. Sai ga shi ni ce yau wata tsohuwar Baturiya ke karɓe burodi daga hannuna a bakin shara. Wannan kunyar ce ta sa na shiga neman asalin abincin nan, kuma abin da na tarar ya fi ƙarfin labarin kayan zaƙi.

Mu fara da tuffar. Asalinta ba Turai ba ne. Kakanninta suna nan har yau a dazukan tsaunukan Tiyan Shan, a ƙasar Kazakistan, kuma sunan birnin Almati ma daga kalmarsu ta tuffa ya fito. Fatake ne suka yi ta tafiya da ita yamma, Rumawa kuma suka kawo irin na lambu Ingila tare da sanin yadda ake yi wa bishiya aure. Auren nan dole ne, domin tuffa ba ta gadon uwa. In ka shuka ƙwallon tuffa mai zaƙi, abin da zai fito daban ne, galibi ma mara daɗi. Duk wanda ya san bambancin mangwaro mai aure da ɗan gargajiya ya gane zancen. A 1533 wani mai kula da kayan marmarin Sarki Henry na Takwas, Richard Harris, ya kafa babban lambu a Teynham da ke yankin Kent da irin da ya kawo daga ƙetare. Har yanzu a Kent ɗin, a wani wuri da ake kira Brogdale, akwai lambun gwamnati mai irin tuffa sama da 2,000.

Turawan Ingila sun raba tuffarsu gida biyu, akwai ta ci ɗanya, akwai ta girki. Wadda na gatsa ta girki ce, sunanta Bramley, kuma ashe 'yar nan yankinmu ce. A 1809 wata yarinya mai suna Mary Ann Brailsford ta shuka ƙwallayen tuffa a bayan gidansu a Southwell, wani ƙaramin gari da bai kai tafiyar awa ɗaya a mota daga Nottingham ba. Ɗaya ya tsiro ya zama bishiya. A 1846 wani mahauci, Matthew Bramley, ya sayi gidan. Bayan shekara 10 wani saurayi ɗan shekara 17, Henry Merryweather, ɗan mai lambu, ya roƙi a bar shi ya yanki rassa ya yi musu aure ya sayar. Mahauci ya yarda, da sharaɗin a sa wa tuffar sunansa. Ita kuwa wadda ta shuka ta rasu tun 1852, ba ta taɓa jin abin da shukarta ta zama ba. Kun ji rabo. Duk Bramley da ke duniya daga reshen wannan bishiya ɗaya ta fito. Guguwa ta kayar da ita a 1900, ta sake yin saiwa daga inda ta kwanta, ta ci gaba da 'ya'ya. Tsamin da ya sa ni hawaye shi ne amfaninta: in ta ji wuta sai ta narke kamar auduga, ɗanɗanonta kuma ba ya ɓacewa cikin sukari.

To amma shalot ya girmi Bramley. Sunansa ya fara fitowa a rubuce a shekarun 1790, kuma a farkon shekarun 1800 wani kuku a Landan, John Mollard, ya sa yadda ake yin sa a littafinsa na girki. Wata mata, Maria Rundell, wadda littafinta ya fara fitowa a 1806 ya kuma shiga kusan kowane gidan masu hali, ita ma ta kawo nata. A nata tsarin ana shafe kwano da bota sosai, a jera siraran yankan farin burodi a ƙasa da gefe, a cika da tuffa da sukari, a rufe da burodin da aka jiƙa a madara, sannan a ɗora faranti da wani abu mai nauyi a danne, a gasa a hankali. Da na faɗa wa maƙwabciyata sai ta yi dariya, ta nuna min wani tsohon dutsen awo na ƙarfe da ta gada wajen mahaifiyarta. Da shi take danne nata.

Da na duba waɗanne irin shekaru ne waɗannan a Ingila, sai na ga ashe shekarun yunwa ne. Tun 1793 suna yaƙi da Faransa. Amfanin gonar 1794 bai yi kyau ba, hunturun da ya biyo baya ya yi tsanani, na 1795 ma ya lalace. A lokacin kuma burodi shi ne tuwon talaka, mafi yawan ladan lebura a kansa yake ƙarewa. Aka yi ta bore a kasuwanni, mata ne ma a gaba, suna tare amalanken hatsi suna tilasta a sayar a farashin da suka ga ya dace. Ranar 29 ga Oktoba 1795, Sarki Joj na Uku na kan hanyarsa ta zuwa buɗe majalisa, taron jama'a suka yi wa keken dokinsa ruwan duwatsu har gilashi ya fashe, suna ihun a ba su burodi a daina yaƙi. Wanda ya ga yadda tsadar burodi ta fito da mutanen Atbara kan titi a Sudan a Disambar 2018, da inda abin ya ƙare, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Masu mulkin Ingila kuwa shekara biyu kacal ke nan da ganin an fille kan sarkin Faransa.

Sai gwamnati ta shiga neman duk wata kafa da alkama ke zurarewa. Manyan mutane a lokacin suna sa hular gashi su barbaɗe ta da farar hoda, hodar kuma da sitacin alkama ake yin ta. A 1795 Firaminista William Pitt ya ɗora mata haraji: duk mai son ya yi hoda a ka sai ya biya gini ɗaya a shekara, wato fam ɗaya da sule. Kuɗin yaƙi yake nema, amma kusan daga nan yayin hular ya mutu. Damina ta sake ɓaci a 1799 da 1800, farashin alkama ya ninka na 1798 fiye da sau biyu. A farkon 1800 majalisa ta yi dokar da ta fi ba ni mamaki: an haramta wa mai gidan burodi ya sayar da burodi sai ya yi awa 24 da fitowa daga wuta. Hikimar a fili take. Burodi mai zafi daɗi gare shi, mutum zai ci ya ƙara, ga shi ba ya yankuwa siriri. Na jiya kuwa sai ka tauna, ka ci kaɗan ka haƙura. A Disambar wannan shekara sarki ya fitar da sanarwa yana roƙon kowane maigida ya rage cin burodin gidansa da kashi ɗaya cikin uku, a kuma daina ɓata fulawa wajen yin ɓawon nan da ake kwaɓawa da bota, irin na mitfai. An ma yi wata dokar da ta hana tace fulawa ta yi fari, sai dai a haɗa da dusa. Mutane suka yi mata laƙabi da dokar guba, cikin 'yan makonni aka soke ta.

Ku haɗa lissafin da kanku. Abin zaƙin da Bature ya fi so shi ne tuffa cikin ɓawon fulawa. An ce masa ɓawon fulawa yanzu abin kunya ne, burodin da zai saya kuma dole na jiya ne. Ga wani girki da ke ba shi tuffarsa a naɗe, da ɓawo mai ƙaras-ƙaras, bai taɓa buhun fulawa ba. Ba doka ce ta ƙirƙiro shalot ba, don tun ƙarnoni kafin nan matan Ingila suna sarrafa tsohon burodi da madara da ƙwai. A zamanin da ma a gidajen manya a kan faffaɗan yankan busasshen burodi ake zuba nama maimakon faranti, in an gama a ba almajiran ƙofa burodin da ya sha romo. Amma a ganina ba banza ba shalot ya samu suna ya shiga littattafai a daidai shekarun da kowane yankan burodi ya zama abin lissafi.

Sunan fa? Mafi yawa sun ce na Sarauniya Shalot ne, matar Joj na Ukun nan da aka jefa, Bajamushiya daga Mecklenburg-Strelitz wadda aka kawo masa a 1761, ta rasu a 1818. Ana cewa mai son lambu ce da masu noman tuffa. Wasu masanan kuma sun ce daga wata tsohuwar kalma ce, charlet, sunan wani abinci na nama da ƙwai da madara da ke cikin littafin kukun Sarki Richard na Biyu tun wajen 1390. Ko ma wanne ne, sunan ya yi tafiya. Shahararren kukun nan na Faransa, Marie-Antoine Carême, wanda ya yi wa ɗan sarauniyar aiki a 1816 zuwa 1817, ana jingina masa wani shalot na 'yan gayu, mai sanyi, wanda aka cire burodi aka sa biskit mai laushi, aka cire tuffa aka sa kirim. A Rasha har yau kek ɗin tuffa na gida sunansa sharlotka, a Folan szarlotka.

Dabarar kanta ba ta Ingila kaɗai ba ce. Duk inda alkama da tuffa suka haɗu, sai ka tarar da 'yar'uwarta. A Amurka akwai Brown Betty, ɓarɓashin burodi da tuffa hawa-hawa. A Ostiriya da kudancin Jamus akwai wanda sunansa ke nufin tarin itacen wuta, saboda yadda ake jibga yankan burodin. A Denmak da Nowe akwai na ɓarɓashin burodi soyayye da aka rufe da kirim, suna kiransa 'yar ƙauye mai lulluɓi. Mutanenmu da suka zauna Masar ko Saudiyya sun san Ummu Ali, ita babu tuffa, amma manufar ɗaya ce.

Sai dai a nan akwai gyara a labarin da ake yawan bayarwa, wai shalot abincin talakawa ne. Talakan Ingila na 1800 ina ya ga burodin da zai yi saura? Mai saura ai wanda ya ƙoshi ne. Ga bota, ga sukari, ga farin burodi, ga obin, alhali yawancin gidajen lebura murhu kawai gare su, in suna son gashi sai su kai wa mai gidan burodi ya sa musu a tanderunsa su biya. Shalot abincin masu matsakaicin hali ne, gidan ɗan kasuwa, gidan malamin coci, gidan manomi mai gonar kansa, inda akwai abin ci amma uwargida ce ke riƙe da makullin sito tana ƙirga komai. Littafin Isabella Beeton na 1861, wanda aka rubuta wa irin waɗannan matan, ya kawo hanyar yin sa fiye da ɗaya, har da mai sauƙin kuɗi.

Sukarin kuma akwai magana a kansa, kuma ta shafe mu. A wajen 1700 abin da mutumin Ingila ke sha a shekara bai kai kilo 2 ba. Zuwa 1800 ya kai wajen kilo 8. Daga gonakin rake na Jamaika da Barbados yake zuwa, masu noman kuma bayi ne da aka kwasa daga gaɓar Afirka ta Yamma. Shi kansa gini ɗin da aka biya harajin hoda da shi, daga gaɓar Gini sunansa ya fito, inda ake samo zinarinsa. A 1791 zuwa 1792 mutum wajen 300,000 a Birtaniya suka ƙaurace wa sukarin bayi, mata ne kuma kan gaba, tunda su ke cefane. Sai a 1807 aka haramta cinikin, a 1833 aka yi dokar 'yanta bayin. Ke nan shalot ɗin farko da aka ci a Landan, tuffarsa ta bayan gida ce, burodinsa na tattali, zaƙinsa kuma gumin wani ne da ba a biya ba. Kowa ya ci zomo ya ci gudu, amma a nan wani ne ya yi gudun. Ba na faɗa don in ɓata wa kowa ci ba. Na dai gaya wa yarana, don su san cewa a cikin farantin akwai nasu tarihin.

Dokar burodin jiya ba ta tafi ke nan ba. Kafin Yaƙin Duniya na Ɗaya, kusan kashi huɗu cikin biyar na alkamar Birtaniya daga waje take zuwa. Da jiragen Jamus masu tafiya a ƙarƙashin ruwa suka shiga nutsar da jiragen hatsi a 1917, sai aka sake hana sayar da burodi sai ya yi awa 12, Sarki Joj na Biyar kuma ya roƙi jama'a su rage ci da kashi ɗaya cikin huɗu. A Yaƙi na Biyu, daga Janairun 1940 aka fara rabon bota da sukari da kati. Akwai lokacin da rabon mutum a mako giram 57 ne na bota, sukari giram 227. A shekarar ne kuma zubar da abinci mai ciyuwa ya zama laifin da ake kai mutum kotu. A 1943 an ci wata mata a kusa da Landan tarar fam 10 saboda ana watsa wa tsuntsaye burodi a gidanta. Daga 1942 farin burodi ya ɓace, sai wani mai ruwan toka da ake kira burodin ƙasa, shi ma sai ya kwana ake sayarwa. Ma'aikatar Abinci ta yi ta buga takardu tana koya wa mata yadda za su sarrafa busasshen burodi. Abin mamaki, duk tsawon yaƙin ba a sa burodi a kati ba, sai bayan an ci nasara: daga Yulin 1946 zuwa Yulin 1948. Sukari bai fita daga kati ba sai 1953.

A cikin wannan maƙwabciyata ta tashi. Ta ce min mahaifiyarta tana da wani gwangwani a kan kanta, duk wani gefen burodi da ɓarɓashi a ciki yake ƙarewa. Nasu shalot ɗin da majarin ake yi, tuffar kuma wadda iska ta kaɗo ce, a yanke inda tsutsa ta ci. Ta ce, "Har yau in na ga burodi a shara sai in ji kamar Mama na tsaye a bayana." Na ce mata, "Iya, ni ma tawa tana tsaye, na dai daina waiwayawa ne."

Me ya canza? A 1961 wata cibiyar bincike a garin Chorleywood ta fito da hanyar kwaɓa burodi da inji mai gudun tsiya, da ƙarin yis da mai, ta yadda daga fulawa zuwa leda awa uku da rabi ta isa. Yanzu wajen kashi 80 cikin 100 na burodin ƙasar nan haka ake yin sa. Ya yi laushi, ya yi araha, ya zo a yanke. Abin da ya yi araha kuwa ba a jin zafin zubar da shi. Ƙungiyar WRAP mai bin diddigin ɓarnar abinci ta ƙiyasta cewa gidajen Birtaniya na zubar da yankan burodi kimanin miliyan 20 a kullum. A kullum fa. Jikokin waɗanda aka kai kotu kan ɓarɓashin tsuntsaye ke nan. Mu da muka zo daga baya ma mun bi sahu, ba mu ɗauki dogon lokaci ba.

Kuma yawancin abin da ake zubarwa lafiyarsa lau. Mukan ce burodi ya bushe, amma tun 1852 wani masani Bafaranshe, Jean-Baptiste Boussingault, ya rufe burodi ruf yadda ruwa ba zai fita ba, duk da haka ya yi tauri. Ya kuma nuna cewa in aka ɗumama shi ya kai zafin digiri 60 sai laushin ya dawo. Sitacin da ke ciki ne yake sake ɗaurewa in ya huce, wuta kuma ta kwance shi. Da na karanta wannan sai na tuntsire da dariya ni kaɗai, don ai wannan shi ne ɗumame. Abin da ke sa tuwo ya sandare cikin dare ya kuma yi laushi da safe a tukunya, shi ne dai. Iyayenmu sun san aikin, Bafaranshe ya rubuta dalilin. Shi ya sa ma sa burodi a firij ke saurin tsufar da shi, gara firiza in ajiya ake so. Wanda ya yi fumfuna ne kaɗai ya tashi aiki, shi kam kada a yi wasa da shi. Taurin nan kuwa shi shalot ke buƙata. Sabon burodi in ya sha bota da ruwan tuffa sai ya zube ya zama kunu, na kwana biyu shi ke tsayawa ya riƙe bango. Da tsohuwar zuma ake magani.

Ga yadda tsohuwar ta koya min, ga mai son gwadawa. A fere tuffa kilo ɗaya a yanka, a zuba a tukunya da bota cokali ɗaya da sukari kamar giram 100, da 'yar kirfa ko kanumfari biyu. In tuffar mai zaƙi ce irin wadda ake samu a kasuwanninmu, a rage sukari a matsa lemun tsami. A dafa a ƙaramar wuta har ta narke ruwan ya tsotse, ta yi kaurin da cokali zai tsaya. Nan ne mutane ke faɗuwa, in ta yi ruwa-ruwa komai zai rushe. A bar ta ta huce. A samu yankan burodi 8 zuwa 10 na kwana biyu, a cire gefen, a narka bota giram 100 a shafe kowanne ciki da bai. A sa ɗaya a gindin kwanon gashi, sauran a jera a gefe kowanne ya ɗan hau kan ɗan'uwansa kada a bar kafa. A zuba tuffa a cika, a rufe da burodi, a danne da ƙaramin faranti da abu mai nauyi. A gasa a zafin digiri 200 na minti 30, a cire farantin a ƙara minti 10 saman ya yi ja. A jira ya ɗan huce kafin a kifa. Gefen burodin da aka cire kuma kada in ji an zubar, a busar a daka, ɓarɓashin soya kifi ne.

Na farko da na yi rushewa ya yi, don na ƙagu ban bar tuffar ta tsotse ba. Da cokali muka kwashe shi a kwanon. Na biyu ya tsaya, na yanka na kai wa maƙwabciyata, ta ɗanɗana ta ce kanumfarin ya yi yawa, amma mahaifiyarta ba za ta raina ba. Ni kuma na rama mata da ɗumamen tuwon shinkafa da miyar kuka. Ta ci loma uku don kara, ta ce tabbas wannan abin sai wanda ya tashi da shi.

Yanzu ina da gwangwanina a kan kanta. Ƙaramar 'yata ce mai kula da shi, ita ke bin 'yan'uwanta tana karɓe gefen burodi, in sun yi gardama ta ce za ta kai su kotu a ci su tarar fam 10. Bana kuwa da kwalayen suka fito bakin ƙofofi, da jakar cefane na fita, na sunkuya a gaban kowa na ɗiba son raina.